Babi na Biyar: Malamin da Harshensa Ya Ɗaure a Bagadaza

A watan Rajab na shekarar 488 bayan Hijira, wato Yulin 1095, malamin da ya fi kowa suna a Bagadaza ya zauna a gaban ɗalibansa zai ba da karatu, sai magana ta ƙi fita. Ya yi ya yi, harshe ya ƙi motsi. Daga nan abinci ya daina shiga, ko kurɓin ruwa sai da ƙyar. Likitoci suka yi ta kai da kawowa har suka sallama, suka ce wannan cuta daga zuciya ta taso, kuma babu maganin da zai yi mata aiki muddin damuwar da ke cin mai ita ba ta kau ba.

Malamin shi ne Abu Hamid Muhammad al-Gazali, wanda daga baya aka yi wa laƙabi da Hujjatul Islam. A lokacin shekarunsa 37. An haife shi a 1058 a Ɗus, cikin yankin Khurasan, kusa da birnin Mashhad na ƙasar Iran ta yau. Ya yi karatu a Naisabur a hannun Imamul Haramaini al-Juwaini. Bayan rasuwar malamin nasa a 1085 ya koma fadar Nizamul Mulk, wazirin daular Saljuƙawa, inda ya riƙa kayar da manyan malamai a wajen muƙabala. A 1091 waziri ya ba shi kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, wadda babu kamarta a duniyar Musulmi ta wancan zamani. Ɗalibai 300 ne ke zama a gabansa, halifa na neman shawararsa, fatawarsa na zaga gari. Duk abin da mai ilimi ke mafarkin samu ya samu.

Labarin abin da ya same shi daga bakinsa muka ji. Wajen ƙarshen rayuwarsa ya rubuta wani ɗan ƙaramin littafi mai suna al-Munƙiz minad Dalal, inda ya fayyace cewa sau biyu shakka ta kama shi, kuma kowacce da irin ciwonta.

Shakkar farko: me na sani da gaske?

Tun bai cika shekara 20 ba, in ji shi, wani abu ya tsaya masa a rai. Ya lura ɗan Kirista yakan tashi Kirista, ɗan Bayahude yakan tashi Bayahude, ɗan Musulmi kuma Musulmi. Kowannensu yana da tabbacin cewa shi ne a kan gaskiya, alhali galibinsu gado suka ci daga iyaye da malamai. To idan tabbacin da ke zuciyata irin nasu ne, ta ina zan gane nawa ne sahihi? Wannan tambaya ce ta raba shi da koyi ba tare da hujja ba, abin da malamai ke kira taƙlidi. Ya kuma faɗi wata magana mai nauyi a kan haka: taƙlidi yana aiki ne muddin mai shi bai san taƙlidi yake yi ba. Ranar da ya gane, abin ya fashe kamar gilashi, ba ya ɗinkuwa, sai dai a mayar da shi wuta a sake ƙera wani.

Saboda haka ya ɗaura niyyar neman ilimin da shakka ba ta iya shiga cikinsa. Ya sa wa kansa ma'auni mai tsanani. Ya san goma ta fi uku. Da wani zai zo ya ce uku ce ta fi, ya kuma mai da sanda maciji a gabansa domin kafa hujja, zai yi mamakin aikin mutumin, amma lissafinsa ba zai girgiza ba. Duk sanin da bai kai wannan ƙarfi ba, a wurinsa bai cancanci a dogara da shi ba.

Ya fara da abin da ido ke gani. Mu Hausawa mukan ce gani ya kori ji, amma Gazali ya tuhumi ganin ma. Ka dubi inuwa za ka rantse a tsaye take, ka dawo bayan sa'a guda ka tarar ta gusa, ashe tun ɗazu tafiya take yi a hankali. Ka dubi tauraro za ka gan shi bai fi kwabon dinari ba, alhali lissafin masana sararin sama ya nuna ya fi duniya girma. Ido ya yanke hukunci, hankali ya zo ya warware shi.

Sai ya koma ga hankalin, ya ce wannan kam ba ya ƙarya: goma ta fi uku, abu ba ya kasancewa akwai shi kuma babu shi a lokaci guda. Nan ma tambaya ta biyo shi. Da ka amince da ido har sai da hankali ya zo ya ƙaryata shi. Wa ya ba ka tabbacin babu wani alƙali sama da hankali, wanda in ya bayyana zai ƙaryata hankalin? Mai barci yana ganin mafarkinsa gaskiya ne tsantsa, sai ya farka ya gane babu komai. Ta yiwu farken da muke ciki shi ma barci ne idan aka gwada shi da wani hali da ke gaba, ta yiwu kuma wannan halin shi ne mutuwa. Fiye da shekara 500 bayan haka, a 1641, masanin falsafar nan na Faransa, Rene Descartes, ya kafa irin wannan hujja ta mafarki, kuma har yau ana koyar da ita a jami'o'i.

Gazali ya nemi ya rusa wannan shakka da hujja, sai ya ga babu hanya. Kowace hujja da hankali ake gina ta, hankalin kuwa shi ne ake tuhuma. Kusan wata 2 ya yi a wannan hali. A baki da rubutu yana nan Musulmi kamar kullum, a cikin zuciya kuwa babu abin da ya tsaya masa da ƙafa. Da ya warke, bai ce wata hujja ce ta warkar da shi ba. Ya ce wani haske ne Allah Ya jefa masa a ƙirji, har ya sake amincewa da tushen hankali.

Neman gaskiya a gida huɗu

Da ya samu kansa, bai ce tunda haske ya zo an gama bincike ba. Ya karkasa masu da'awar gaskiya na zamaninsa gida huɗu: malaman ilimin kalam masu kare aƙida da hujjojin hankali, Baɗiniyya masu cewa gaskiya sai ta bakin imami ma'asumi, masana falsafa, da Sufaye. Ya ɗauki alkawarin ba zai soki kowa ba sai ya san ilimin mutum kamar mai shi, domin a ganinsa raddi kafin fahimta jifa ne cikin duhu.

Ilimin kalam ya same shi da amfani wajen kare aƙida daga masu bidi'a, amma bai kashe masa ƙishirwa ba, saboda yana gini ne a kan abubuwan da abokin jayayya ya riga ya amince da su. Falsafa kuwa ya karance ta shi kaɗai, ba malami, a ɗan lokacin da koyarwa ta bar masa, cikin ƙasa da shekara 2, sannan ya ƙara kusan shekara guda yana juya ta a ransa. Ya rubuta Maƙasidul Falasifa inda ya bayyana ra'ayoyin masu falsafa ba tare da suka ba. Sannan ya fito da Tahafutul Falasifa, ya ƙalubalanci irin su al-Farabi da Ibn Sina a mas'aloli 20. A guda 3 ne kawai ya ce sun fita daga addini: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa dalla-dalla ba, da musun tashin jikuna ranar alƙiyama.

Akwai wani ɓangare na wannan aiki da masu ambaton sunansa ba su cika faɗa ba. Gazali ya kare lissafi da manɗiƙi da ilimin taurari, ya kuma yi kakkausan gargaɗi ga jahilin masoyin addini, wanda ke ganin taimakon Musulunci shi ne ƙaryata duk abin da ya fito daga masu falsafa, har da lissafin husufin rana da na wata. Mutumin da ya san wannan lissafi da hujja yankakkiya, in aka ce masa addini ya musa shi, ba zai yi shakkar lissafinsa ba. Addinin zai yi wa shakka. Wannan gargaɗi ya fi shekara 900, amma duk wanda ya taɓa jin mai wa'azi yana musun abin da ɗan sakandare ya gwada da hannunsa a ɗakin gwaje-gwaje ya san bai tsufa ba.

Shakka ta biyu: don wa nake yi?

Da ya iso ga littattafan Sufaye, irin su Ƙutul Ƙulub na Abu Ɗalib al-Makki da rubuce-rubucen Harisul Muhasibi, sai ya ci karo da abin da karatu ba ya bayarwa. Sanin ma'anar ƙoshi daban, ƙoshin kansa daban. Likita marar lafiya ya san duk bayanin lafiya, amma ba shi da ita. Ya gane abin da ya rage masa sai an ɗanɗana.

Nan ya juya binciken kan kansa, abin da ya gani kuwa ya tsorata shi. Ya duba niyyarsa ta koyarwa ya tarar neman girma da yaɗuwar suna ne ke tura shi. Wannan karo ba samuwar Allah ko gaskiyar Annabci yake shakka ba, ya ce waɗannan sun riga sun kafu a zuciyarsa. Kansa yake shakka. Yau ya ƙudura zai bar Bagadaza, gobe ya warware. Da safe tsoron lahira ya tashe shi, kafin yamma son matsayi ya zaunar da shi, yana raya masa cewa wannan hali mai wucewa ne, in ka saki kujerar nan ba za ka sake samun irinta ba. Kusan wata 6 ana wannan ja-in-ja, har jiki ya yanke hukuncin da zuciya ta kasa yankewa.

A watan Zulƙi'ida na 488, Nuwamban 1095, ya raba dukiyarsa, ya rage abin da zai ishi iyalinsa, ya bar wa ƙanensa Ahmad kujerar koyarwa. Ya nuna wa mutane Makka za shi, alhali Sham ya nufa, don kada halifa da abokai su tare shi. Gari ya ɗauki surutu. Na nesa suka ce tsoron mahukunta ne ya kore shi, tunda an kashe Nizamul Mulk a 1092, sarkin Saljuƙawa Malik Shah ya bi shi ba da jimawa ba, daula kuma ta rikice da rigimar gadon sarauta. Na kusa, da suka ga yadda mahukunta ke riƙe da shi, suka ce kambun baka ne ya kama malamai. Babu wanda ya kawo a ransa cewa mutum zai bar irin wannan matsayi saboda addini, domin a wurinsu matsayin shi ne ƙololuwar addini.

A Dimashƙa yakan hau hasumiyar masallacin Umayyawa ya kulle kansa yini guda. Ya wuce Ƙudus, ya ziyarci kabarin Annabi Ibrahim (AS) a garin Khalil, inda ya yi alkawari uku: ba zai ƙara karɓar kuɗin sarakuna ba, ba zai ƙara zuwa fadarsu ba, ba zai ƙara shiga muƙabalar nuna fifiko ba. Ya yi aikin Hajji a 1096, daga bisani ya koma Ɗus. A waɗannan shekaru ne ya rubuta Ihya'u Ulumid Din, kundi mai littattafai 40 da ya kasa kashi huɗu: ibadu, al'amuran yau da kullum, halaye masu halakarwa, da halaye masu tseratarwa. Sai a 1106, bayan shekara 11, ya koma koyarwa a Naisabur bisa matsin Fakhrul Mulk, ɗan Nizamul Mulk. Ya rasu a garinsu a watan Jimada Sani na 505, Disamban 1111.

Abin da mai shakka zai ce

Mai karatu da shakka ke damunsa yana iya cewa: to, ina amfanin wannan labari a gare ni? Mutumin ya ce haske ne ya fitar da shi, ni kuwa hasken bai zo mini ba. Mabiyin wani addini ma zai iya cewa ya ga nasa hasken. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma bai kamata a share shi ba. Abin da aka ɗanɗana ba a miƙa wa wani a hannu kamar yadda ake miƙa hujjar lissafi. Ibn Rushd na Ƙurɗuba ya mayar wa Gazali martani a Tahafutut Tahafut, yana ganin ya rage wa hankali darajar da ta dace da shi. Ibnul Jauzi ya soki Ihya saboda hadisai masu rauni. A 1109, Gazali na da rai, an ƙona littafin a Ƙurɗuba ƙarƙashin mulkin Murabiɗun. Mutumin da ake kira Hujjatul Islam bai gamsar da kowa ba.

Amma shi ma mai shakka akwai abin da ya kamata ya duba. Matsalar da Gazali ya gano ba ta tsaya kan masu addini kaɗai ba. Babu ɗan Adam da zai iya tabbatar da ingancin hankalinsa ba tare da ya yi amfani da hankalin ba. Wanda ya yi imani da wanda ya musa, kowannensu yana tsaye ne a kan wani tushe da ya amince da shi kafin hujja ta fara. Duk wanda ya ce ba zai ɗaga ƙafa ba sai ya samu tabbaci irin na goma ta fi uku, ba zai yi aure ba, ba zai sha maganin likita ba, ba zai amince da aboki ba. Manomin da ya yi shuka bayan ruwan farko bai san ko damina za ta yi kyau ba. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya tuna shekarun baya, ya zuba irinsa. Wanda ya ce sai ya ga ƙarshen damina zai yi shuka, yunwa ce rabonsa. Mafi yawan manyan al'amuran rayuwa haka ake yin su, da hujja gwargwado da kuma amincewa.

Haka nan wannan duhu ba Musulmi kaɗai yake ziyarta ba. Wasiƙun Mother Teresa da aka wallafa a 2007, shekara 10 bayan rasuwarta, sun nuna ta shafe shekaru da dama tana jin kamar addu'arta ba ta zuwa ko'ina, kuma duk tsawon lokacin ba ta daina hidimar marasa lafiya a Kalkata ba.

Ribar da aka samu

Abin lura shi ne irin mutumin da Gazali ya zama bayan ya fito. Wanda ya taɓa sanin ciwon shakka a jikinsa ba ya saurin yanke wa wani hukunci. A Faisalut Tafriƙa ya yi faɗa da malaman da kowannensu ke kafirta wanda ya saɓa wa mazhabarsa, da kuma waɗanda ke cewa talakan da bai san hujjojin ilimin kalam ba ba shi da imani. Ya ce sun ƙuntata rahamar Allah mai yalwa. A wani littafin, al-Iƙtisad fil I'itiƙad, ya nuna cewa kuskuren ƙyale kafirai dubu ya fi sauƙi a kan kuskuren zubar da jinin Musulmi guda.

Wannan rigima ta iso ƙasar Hausa. A zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an yi wasu ɗalibai da suka haddace hujjojin tauhidi, suka riƙa tare mutane da tambayoyi, wanda ya kasa amsawa da salonsu su ce ba Musulmi ba ne. Shehu ya tsaya tsayin daka ya yi musu raddi a rubuce-rubuce da yawa, ciki har da Hisnul Afham. Ya kuma saɓa wa malaminsa da yake matuƙar girmamawa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a kan kafirta mai aikata manyan zunubai. Matsayarsa ita ce a karɓi zahirin Musulmi, a bar wa Allah abin da ke cikin zukata.

Tushen wannan sassauci yana cikin addinin tun farko. A Suratul Baƙara, aya ta 260, Annabi Ibrahim (AS) ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu, ya bayyana cewa ya yi imani, natsuwar zuciya yake nema, kuma aka nuna masa. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa wasu sahabbai sun kai kuka wurin Manzon Allah (SAW) kan tunanin da ke ɗarsuwa a zukatansu wanda suke jin nauyin furtawa. Bai kore su ba, sai ma ya nuna musu cewa wannan nauyi da suke ji alamar ingancin imaninsu ce. Imam Malik, wanda mazhabarsa ta mamaye ƙasashenmu, an ruwaito an yi masa tambayoyi 48 ya ce bai san amsar 32 daga ciki ba, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Shi ya sa malaman zaure na ƙwarai ba sa rufe fatawa sai sun ce Allah ne mafi sani.

Yau tambayoyin da Gazali ya yi fama da su a keɓe suna shigowa ta wayar hannu. Yaro ɗan shekara 17 yana iya kallon muhawarar masu musun samuwar Allah a YouTube cikin dare, ya wayi gari da tambayar da ba ta taɓa zuwa kan mahaifinsa ba. Idan ya kawo ta aka ce masa ya yi shiru ya kafirta, tambayar ba ta mutu ba. Ya dai koyi cewa gida da makaranta ba wurin kai ta ba ne, zai kuma kai ta inda za a saurare shi. Gilashin da ya fashe ba ya gyaruwa da tsawa.

Saboda haka kira na farko ga iyaye da malamai ne: ku saurari mai tambaya har ya kai aya, ku amsa abin da kuka sani, abin da ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, ku nuna masa wanda ya fi ku sani. Kira na biyu ga wanda shakka ke damu. Kada ka ɗauka kai ne farau, kada kuma ka yanke hukuncin rayuwarka cikin mako guda a kan bidiyon minti 10. Ka yi wa tambayarka adalcin da Gazali ya yi wa tasa: ka karanta kowane ɓangare daga bakin masu shi, ka binciki niyyarka kamar yadda kake binciken hujjar wasu, kuma kada ka dakatar da aikin alheri har sai ka gama samun amsa. Matambayi ba ya ɓata, in dai da gaske hanyar yake nema.